Robar Da Na Ɗaura Wa Baba

Masu turo min saƙo kuna tambayar launin ankon bikina, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Ankon ruwan zuma ne mai ratsin fari, an ɗinka, an goge, yana nan jibge a akwatin Mama. Amma ba zancen anko ne ya dawo da ni yau ba. Wani abu na aikata da hannuna, ya tsaya min a maƙoshi, in ban faɗe shi ba ko ruwa ba zai wuce ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Winifred, a Muchia cikin Sabon Gari aka haife ni, kuma ni kaɗai Allah ya ba iyayena. Babana Malam Sebastian shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a firamare, shi ne kuma mai ba da waƙa a kwayar cocinmu, wato ƙungiyar mawaƙa, tun ba a haife ni ba. Shekara biyu ke nan, ranar wata Lahadi da safe, ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalmi, sai kawai ya kife. Shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu. Hannun ya tafi gaba ɗaya, har yau a cinyarsa yake kwance. Magana ta dawo amma da nauyi, sai ka saurara da kyau. Ƙafar ce ta ɗan ji tausayinmu, tana takawa, sai dai saurin gajiya. Taku tara zai yi sai ta fara rawa, gwiwa ta lanƙwashe, ya shiga laluben bango.

A wajen kai shi gashi na haɗu da Othniel. Mai gashin ƙashi ne, fisiyo kamar yadda ake ce musu, dogo, baƙi, ba ya son yawan magana. Wata shida yana miƙar da ƙafar Baba kafin ya iya buɗe baki ya nemi lambata, ita ma ɗin wai don ya riƙa tuna min ranar zuwa. Hmm! Ranar zuwa dai har ta kai mu ga sa ranar biki, Asabar ta ƙarshen watan Satumba.

Kun san yadda ake yi a coci. Uba ne ke riƙe hannun amarya tun daga bakin ƙofa, ya taka da ita a hankali ana waƙa, har gaban Fasto, ya ɗauki hannunta ya sa a na ango. Amare nawa Baba ya yi wa waƙar shigowa, yana tsaye gaban kwaya yana kallon iyayen wasu suna wucewa da 'ya'yansu? Shi kansa bai san adadinsu ba. Ranar da dangin Othniel suka kawo gaisuwa, bayan an watse, ya kira ni ya ce, "Uwata, da ƙafata zan kai ki. Ba sanda."

Washegari ya aike ni coci lokacin da ba kowa, wai in auno masa hanyar da irin takunsa, gajere-gajere. Na auna har sau biyu mai shara tana kallona. Arba'in da ɗaya. Da na faɗa masa ya ce in miƙo masa alli, ya rubuta 9 a bayan ƙofar ɗakinsa, ya ja layi, ya rubuta 41 a sama.

Othniel ne ya kawo maganar binciken. Wata likita, Dakta Ronke, tana gwada wata dabara a Samaru a kan masu shanyewar ɓarin jiki da ƙafarsu ke saurin gajiya, shi kuma yana cikin masu taya ta. A falo ya zauna ya yi mana bayani, ni da Mama da Baba, kunun ayar da na kawo masa har ya huce bai taɓa ba.

"Kun ga abin da ake naɗa wa mutum a damtse in za a auna hawan jini? Irinsa ne, amma ya fi faɗi. A saman cinya ake sa shi. Inji zai hura shi ya rage gudun jini a ƙafar, sai Baba ya yi motsi mara nauyi, ya ɗaga ƙafa ya sauke. Naman zai yi aiki kamar kaya mai nauyi ya ɗauka, alhali bai ɗauki komai ba. A hankali ana sa ran ya daina saurin gajiya."

Mama ta dafe ƙirji. "A tare masa jini? Mutumin da jini ya kayar?"

"Ba tarewa ba, Mama, ragewa. Injin ne ke auna na kowa daban, mintoci kaɗan ne a sake. Kuma sai an duba lafiyarsa tukuna, ba kowa ake ɗauka ba. Gwaji ne, ba zan yi muku alkawari ba."

Baba ya dubi Othniel ya ce, "Likita, rubuta sunana."

Haka muka fara, Talata da Juma'a. Mu tari Keke Napep a bakin layi, Baba a tsakiya da gajeren wandonsa a ƙarƙashin doguwar riga, mu bi ta Kwangila, mu wuce Palladan, har Samaru. Ina zaune a benci ina kallo. Othniel ya naɗa abin, injin ya yi ƙugi, lambobi su hau su tsaya, Baba ya ɗaga ƙafa yana ƙirgawa da Turanci irin na malaman da, gumi na tsattsafo masa a goshi. Kafin ka ce me an sake, a huta, a sake yi. In gaya muku gaskiya, a idona abin bai fi ɗaure cinya da ɗaga ƙafa ba. Ashe ban ga komai ba.

Abin mamaki, ƙafa ta fara jin magana. Tara ta koma sha huɗu. Sha huɗu ta koma ashirin da biyu. Duk yamma Baba zai riƙe damtsena da hannun dama, mu taka daga ƙofar falo zuwa gindin mangwaro mu juyo, inda ƙafar ta fara rawa nan muke tsayawa, ya goge tsohuwar lamba ya rubuta sabuwa. Cikin mako bakwai muka kai ashirin da shida. Har waƙa ya dawo yi a banɗaki.

Saura mako huɗu da 'yan kwanaki biki Anti Happiness ta iso daga Kafanchan da buhun citta da bakinta. Yayar Baba ce, kuma a danginmu in ta yi magana an gama. Ta zauna a tsakar gida tana duba leshin iyaye, ta ce a kawo mata takardar tsarin biki kafin a kai wa masu bugawa. Ta karanta, ta kai wajen da aka rubuta mai rako amarya, ta cire tabarau.

"Wa ya rubuta Sebastian a nan?"

Na ce, "Ni ce, Anti. Shi ya ce zai iya."

"Ya ce zai iya! Ke kuma da hankalinki kika biye masa? So kike ya zube a tsakiyar coci, dangin miji na kallo, yara na ɗauka a waya? Ga ƙaninsa Celestine da ƙafafunsa biyu lafiyayyu. Shi ma ubanki ne."

"Anti, yana samun sauƙi fa. Ashirin da shida yake yi yanzu."

"Hanyar cocin nawa ce?"

Na sunkuyar da kai. Mama na gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Anti ta ce ta ba mu kwana goma, in ya taka arba'in da ɗayan a gabanta shi ke nan, in bai taka ba sunan Celestine za a buga, ba ta son musu. Labule kaɗai ne tsakaninmu da ɗakin Baba. Ranar tuwon da na kai masa haka na ɗauke shi bai taɓa ba. Na shiga ɗakina na yi kuka har kaina ya yi ciwo, kuma na ji haushin Anti, don can ƙasan zuciyata na san ba ƙarya ta yi ba.

Na ɗauki waya na rubuta wa Othniel.

"Don Allah ku ƙara wa Baba kwanaki. Ko huɗu a mako."

"Ba zai yiwu ba, Winni. Naman na bukatar hutu."

"To ka zo da injin gida, ko sau ɗaya."

"Injin ba ya fita daga ɗakin nan. Ki kwantar da hankalinki, yana ƙoƙari."

"Kwana goma aka ba mu."

"Ƙafa ba ta san kwana goma ba. Ki ci abinci."

Ya haɗa da hoton zuciya ja. Ni kuwa na kife wayar, na ce lallai mutumin nan bai san zafin abin ba, tunda ba ubansa ba ne. Allah ya yafe min wannan tunanin.

Ranar Asabar Mama ta tafi rumfarta a kasuwa, Anti ta bi ta sayen kayan girkin biki. Na zagaya bayan kicin ɗebo gawayi, idona ya faɗa kan tsohon babur ɗin Baba da ke jingine tun ranar da ya faɗi. A bayansa akwai robar ɗaure kaya, baƙar nan da ake yankowa daga tubun taya, wadda yake ɗaure buhun masara da ita. Na tsaya ina kallonta. Lissafin da na yi mai sauƙi ne: in kwana biyu a mako sun kai mu ashirin da shida, kwana biyar fa? Na kwance ta, na wanke da omo, na shanya.

Da na shiga da ita Baba ya dube ni, ya dubi robar.

"Likita ya sani?"

'Yan uwa, ga inda nake so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Shi ya ce mu riƙa yi a gida."

Bai ƙara tambaya ba. Sunan Othniel ya ji, ya miƙo ƙafa. Na naɗa robar a saman cinyarsa zagaye uku, na ja da ƙarfina, na ƙulle.

"Da zafi, Baba?"

"Ban ji komai ba."

Ta ina zai ji? Ƙafar da ko ruwan zafi ba ta cika ji ba tun da ciwon ya same shi. Ni kuma na ɗauka rashin zafin alama ce ta ban matse sosai ba, na ƙara ja. A Samaru mintoci kaɗan suke yi su saki, ni na bar ta minti ashirin da biyar, wai don aikin ya shiga da kyau. Yatsun ƙafar suka yi duhu, suka yi sanyi. Na gani da idona, na ce wa raina aikin ne ke ci.

Na sake ranar Lahadi da yamma, su Mama na wajen zumuntar mata. Na sake ranar Litinin. Litinin ɗin nan Baba ya yi taku ashirin da tara, yana haki, yana dariya da karkataccen bakinsa, ya ce, "Uwata, Happiness za ta sha kunya." Na rungume shi. Har na ɗauki hoton allin zan tura wa Othniel, wani abu ya hana ni.

Talata da safe silifas ya ƙi shiga ƙafar. Daga gwiwa zuwa ƙasa ta kumbura suntum, tana sheƙi, in ka taɓa zafi rau. Mama ta ce ko wani abu ne ya cije shi. Ni na san abin da ya cije shi, amma na ja bakina, na ce bari mu je Samaru tunda dama ranar zuwa ce.

Othniel na ganin yadda muke shigowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya kwantar da Baba, ya ɗage gajeren wandon. Ga shatin robar nan ya zagaye cinyar, layi uku, baƙi ƙirin, wani wurin har ya ɗaye. Tun da na san shi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Yesu! Mene ne wannan? Wa ya yi wannan?"

Baba ya dubi fuskar Othniel, ya ga tsoron da ke cikinta na gaske ne. Sai ya juyo da kai a hankali ya dube ni, sau ɗaya tak, ya mayar da idonsa kan silin. A wannan kallon na gane ya san ƙarya na yi masa.

Babu wanda ya tsaya jiran amsa. Aka sa shi a mota sai asibiti, aka hana shi taka ƙafar, aka yi hoto. Jini ne ya daskare a babbar jijiyar ƙafar. Nas ɗin da ta yi mana bayani ta ce Allah ya taimaka mun zo da wuri, don irin wannan gudan in ya ɓalle ya bi jini ya kai huhu, wani ko sallama ba ya samun yi. Mama ta zauna daɓas a ƙasa. Ni ko kukan ma na kasa.

Washegari da rana Dakta Ronke ta zo ɗakin da aka kwantar da shi, Othniel na bayanta. Bayarabiya ce amma haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta tas. Mama da Anti sun koma gida ɗauko abinci, ni kaɗai ce a gefen gadon.

"Malam, dole in rubuta abin da ya faru. Wa ya ɗaura maka roba?"

Na buɗe baki. Baba ya riga ni.

"Ni na ɗaura."

Dakta ta dube shi ta saman tabarau. "Kai da kanka?"

"Ni. Gaggawa ce ta tsufa."

Ta rubuta. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta ce ba za ta ɓoye masa ba, an cire shi daga gwajin, kuma ba za a ƙara matse ƙafar nan da komai ba. Zai sha maganin tsinka jini na watanni. Tafiya sai kaɗan-kaɗan cikin ɗaki, in kumburin ya sauka.

Baba ya ce, "Saura kwana ashirin da huɗu biki."

"Othniel ya faɗa min." Ta dafa hannunsa mai lafiya. "Ba na so in yi maka ƙarya, Malam. Ban ga alamar za ka iya raka ta da ƙafa ba."

Baba ya gyaɗa kai irin yadda yake yi in ɗalibi ya ba da amsa daidai.

Da ta fita Othniel ya yafito ni. Muka tsaya a baranda kusa da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci, hadari na haɗuwa ta gabas. Bai dube ni ba.

"Shekara biyu ina riƙe da hannun hagun nan, Winifred. Ko cokali ba ya ɗauka. Mai hannu ɗaya ba ya naɗa roba zagaye uku ya ƙulle."

Tun da muka fara soyayya bai taɓa kiran cikakken sunana ba. Na ce, "Ni ce."

"Na sani. Abin da ban gane ba shi ne yadda ya yarda. Baba ko man zafi ba ya shafawa sai ya tambaye ni."

Da na yi shiru a nan, da wataƙila ya ɗauka tsautsayi ne da rashin sani. Amma na gaji da ɗaukar abin. Na ce, "Ce masa na yi kai ka ce."

Sai a lokacin ya juyo. Ba zagi, ba faɗa. Da ma ya zage ni. Idanunsa suka kaɗa, ya zuba hannuwansa biyu a aljihun farar rigarsa ta aiki.

"Da sunana," ya ce. "Da ya mutu, da sunana zai mutu a bakinsa."

Na ce ya yafe min, na ce tsoro ne, na ce Anti ce, na faɗi duk abin da ya zo bakina. Wata nas ta leƙo ta ce mai gado na huɗu yana kiranmu, mu biyun.

Mun samu Baba ya sa an ɗaga masa kan gadon. Ƙafar hagu na kan filo biyu, an lulluɓe ta. Na durƙusa na ce, "Baba, a ɗaga bikin. Ko zuwa Ista ne, ni zan jira."

"Ba za a ɗaga ba. Tashi." Ya nuna wa Othniel ƙarshen gadon da haɓa. "Likita, tsaya can. Uwata, zo nan dama."

Na zagaya. Ya lanƙwasa hannunsa na dama, ya ce in saƙala nawa a ciki. Na saƙala ban gane me yake nufi ba. Sai ya gyara murya ya fara waƙar shigowar amarya, can ƙasa-ƙasa, kalmomin na fita da nauyi amma muryar na nan yadda coci ta san ta. A ƙarƙashin zanin gado na ga ƙafarsa ta dama tana motsi, ta ɗaga, ta sauka, ta ɗaga, ta sauka, daidai da waƙar. Raka ni yake yi.

Wayyo Allah. Na toshe bakina da ɗaya hannun. Tsohon da ke gado na kusa ya kashe rediyonsa. Matar da ke jinyarsa ta tsaya da kofi a hannu. Baba bai tsallake baiti ko ɗaya ba, ya rera ta tun daga farko har ƙarshe, idonsa a gaba kamar yana hango Fasto, gumi na gangaro masa ta gefen kunne.

Da ya kai ƙarshe ya tsayar da ƙafar. Ya zare hannuna daga damtsensa, ya riƙe shi ta wuyan hannu, ya ɗaga, ya miƙa wajen ƙarshen gadon.

"Othniel. Ga ta."

Ba Likita ya ce ba, sunansa ya kira. Ɗakin ya yi tsit, ruwan sama ya fara sauka a kan kwano. Hannun Baba ya soma rawa don gajiya, amma ya ƙi saukewa. Na ɗago ido ina hawaye na dubi mutumin da zan aura nan da kwana ashirin da huɗu.

Yana tsaye yana kallon hannuna, nasa biyun kuwa har yanzu suna cikin aljihu.